"Ba Laifi" a Bakin Malam Maharazu

A shekarar 1996 na fara sanin Malam Maharazu, a asibitin Whitechapel da ke Landan. Ni a lokacin tafinta ne. Idan aka kawo marar lafiya wanda ba ya jin Turanci sai Hausa, ni ake kira. Ranar ina tsaye a baranda ina yi wa wata tsohuwa 'yar Kumasi bayanin yadda za ta sha maganinta, sai wani dogon saurayi sanye da farar rigar ma'aikatan ɗakin gwajin jini ya tsaya nesa kaɗan yana saurare. Da tsohuwar ta tafi ya matso ya gaishe ni, ya ce ya daɗe bai ji Hausa a bakin mutum ba sai a rediyo. Na gaya masa sunana Rwang, daga Jos, kuma Hausata ta makarantar mishan ce ta Gindiri, da abin da na ƙara a shekarun da na yi ina koyarwa a Zariya. Ya ce ai ya ji, don ba mai sa "hakika" a kowace jimla sai wanda ya tashi a coci. Tun daga ranar yake ce mini Fasto, ko da yake ban taɓa yi wa kowa wa'azi ba.

Mutumin Kankiya ne. Ya yi sakandare a Katsina, inda ya buga hoki har ya wakilci makarantarsa, ya yi jami'a a Zariya, ya zo Landan ƙaro karatu a unguwar Bloomsbury, asibitin ya ɗauke shi aiki, ya zauna. Bayan shekara biyu ya je gida ya auro Ihsan, 'yar Funtuwa, suka sami flat na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a Stepney. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan ka yi masa tambaya yakan yi shiru har ka ɗauka bai ji ba, sannan ya ba ka amsa gajera wadda ba sai ka sake tambaya ba.

A shekarar 2000 suka haifi 'yar farinsu, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Sadiatu. Na je sunan, na ci tuwo, na ga an yi komai kamar a gida sai dai ragon daga wurin mahauci aka kawo shi a yanke. Daga baya suka sami Suhaib da Zarah. Waɗannan biyun yana kiransu da sunansu, yana ɗaukarsu a kafaɗa, yana yi musu tsiya. Ita babbar kuwa ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. A gida "ke" ce. Idan zai ba ni labarinta, "yarinyar nan" ce. A takardun makaranta yana rubuta sunan ba tare da wata damuwa ba, bakin ne dai ba ya iya faɗa. Uwar ma ba ta faɗa, amma ita tana ce mata Ummi. Na san wannan alkunya ta 'yar fari tun ina Zariya, saboda haka ban taɓa ganin abin mamaki a ciki ba. Ban kuwa taɓa tunanin yadda abin yake a kunnen yarinyar da aka haifa a Landan ba.

Tana da shekara goma sha ɗaya ta ci jarrabawar shiga wata makarantar 'yan mata a arewacin Landan, aka ba ta tallafin karatu. Cikin kayan da aka ce a saya mata har da wata sanda mai 'yar raga a kai. Maharazu ya kawo sandar gidana yana juya ta, ya ce a Kankiya da irin wannan yara ke kama fara. Sandar wasan lakros ce. Wasa ne da ake jefa ƙaramar ƙwallon roba daga raga zuwa raga, ana gudu da ita a sama, har a jefa ta cikin gida. A Ingila 'yan matan makaranta ne suka fi yin sa, daga Satumba zuwa Maris, cikin ruwan sama da laka.

Da farko raka ta kawai yake yi ranar Asabar, su hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tun da safe, ya tsaya a bakin fili da sauran iyaye. Amma idon ɗan hoki ba ya mutuwa. Kafin shekara ta zagayo ya gane wasan fiye da yawancin iyayen da suka buga shi suna yara. Ya yi kwas na alƙalanci, ya fara hura usur a wasannin ƙananan aji. Daga nan na rama tsiyarsa, na riƙa ce masa Alƙali.

Makarantun yankin suna da gasa mai rukuni biyu, na sama da na ƙasa. Kafin a shiga kakar wasa, a ƙarshen Agusta, wasu mutum uku ne ke zama su raba makarantun. Abin da suke dubawa shi ne wasannin bazara, wato ƙananan gasanni na yini ɗaya da ake yi a Yuni da Yuli lokacin da babu kaka. Shugabar mutum ukun wata dattijuwa ce, Jane, tsohuwar malamar wasanni. Ita ta lura da Maharazu a bakin fili, ta yi ta jin 'yan maganganun da yake yi, ta gayyace shi ya cike gurbin wani da ya yi ritaya. Ba a biyan kowa a aikin.

Ni ma a lokacin na yi ritaya, kuma zaman gida ya ishe ni, don haka nakan ɗauki kujerata mai naɗewa in bi shi Regent's Park, inda ake yin wasu daga cikin gasannin, ana hangen kubbar masallaci ta bayan itatuwa. A nan na ji yadda yake auna ƙungiya. Yakan ce wasan bazara maƙaryaci ne. Ciyawa a bushe take, ƙwallo tana tsalle, duk mai gudu sai ta ci. Rabin manyan 'yan wasa suna jarrabawa ko sun tafi hutu da iyayensu, malamai suna aron yara daga ƙananan aji su cike. Wasan kuma gajere ne, kafin gajiya ta nuna halin mutum an tashi. Saboda haka shi bai damu da yawan ci ba. Yana kallon wadda ke durƙusawa sosai ta ɗebi ƙwallo daga ƙasa, da wadda ke tsayawa tana jira ƙwallon ta taso mata. Yana kallon wadda aka ƙwace wa ƙwallo, ko za ta juya ta bi ta ko za ta tsaya tana duban alƙali. Yana sauraren mai tsaron gida, ko tana magana da na gabanta.

"Fasto, waɗancan masu jan siket gudu kawai gare su," ya ce mini wata rana. "Bari Nuwamba ta zo, laka ta riƙe musu ƙafa, ka ga abin da zai rage."

Ba kullum yake daidai ba. Akwai shekarar da ya matsa aka ɗaga wata makaranta sama, ta je ta sha kashi kakar duka, ya kuma faɗa a gaban sauran cewa shi ya kuskure. Wannan ya ƙara masa daraja a wurinsu. Sun san ba ya yabo don daɗin baki, ba ya kuma kushe abin da bai gani da idonsa ba. Idan ya faɗi kalma biyar a kan ƙungiya, Jane takan ɗauki biyar ɗin yadda suke.

Makarantar Sadiatu ta daɗe a rukunin ƙasa, kuma can ne wurinta, babu mai gardama. Sai aka kawo musu sabuwar mai horarwa, Lovelyn, wata matashiya haifaffiyar Peckham, mai murya kamar lasifika. Cikin shekara biyu ta gyara su. A bazarar 2017 Sadiatu ce kyaftin, tana sa lamba tara, kuma shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar, ita da wasu biyar. Abin da ya sa rukunin sama yake da muhimmanci shi ne, can masu zaɓen 'yan wasan yanki suke zuwa kallo. Ba sa zuwa na ƙasa. Yarinyar da ta yi shekararta ta ƙarshe a ƙasa, da wuya wani ya san ta taɓa riƙe sanda.

Na ga wasanninsu a wannan bazarar. Ni ba masani ba ne, amma ko ni na ga bambanci. A wani wasa a Regent's Park, Sadiatu ta zagayo ta bayan gida, ta sauya sandar zuwa hannun hagu, ta jefa ƙwallon ta shiga. Iyaye suka yi ta tafi, ni ma na tafa. Na waiwaya na ga Maharazu ya juya baya yana kallon wasan da ake yi a ɗaya filin. Wani Bature uban wata yarinya ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya ce lalle yana alfahari da 'yarsa. Maharazu ya ce mai tsaron gidan ce ba ta tsaya daidai ba.

Ban halarci zaman ƙarshen Agusta ba. Abin da zan faɗa na ji shi ne daga bakinsa, daga baya kuma daga bakin Jane, kuma maganarsu ba ta saɓa ba. Sun raba makarantun duka, saura gurbi ɗaya a sama, makarantu biyu suna nema, ɗayarsu ta Sadiatu. Alƙali na uku ya zaɓi ɗaya makarantar. Jane ta fi karkata ga su Sadiatu. Tun farko sun yarda Maharazu ba zai sa baki a kan makarantar 'yarsa ba, amma da aka yi kunnen doki sai Jane ta juyo ta ce, ba ƙuri'a take nema ba, ra'ayinsa kawai, tun da ya fi kowa ganinsu.

A ransa ya ce, "Ba laifi, amma da saura." Da Turanci ya fito da shi, "Not bad. Still a long way to go." Jane ta tambaye shi kyaftin ɗin fa. Ya ce tana dai ƙoƙari.

Duk wanda ya zauna cikin Hausawa ya san abin da ya faɗa. Uba ba ya yabon 'yar farinsa a gaban mutane. Idan ya kai ga cewa ba laifi, to ya ƙure, babu abin da ya rage a sama da wannan. Kuma al'adar ta mutum biyu ce. Uba ya rage, na kusa da shi ya ce haba Malam, ai yarinyar nan ta gama, uba ya sunkuyar da kai ya ce to Allah ya sa, yabon ya zauna daram ba tare da ya fito daga bakinsa ba. Maharazu ya gaya mini ya faɗi nasa rabin ya yi shiru yana jiran a faɗi ɗaya rabin. Jane kuwa ta dube shi da girmamawa, ta ce ba kowane uba ne zai iya faɗin gaskiya haka ba, ta canza ra'ayinta. Aka bar makarantar a ƙasa. Yana zaune yana ji, bakinsa ya ƙi buɗewa. Ya ce a lokacin da ya gane abin da ya faru, in ya yi magana, ya zama uba mai roƙa wa 'yarsa alfarma.

Maganar ba ta ɓoyu ba. Lovelyn ta nemi dalili, aka gaya mata har uban kyaftin ɗinta bai ga sun isa ba. Ita kuma ba ta iya riƙe fushi, ta faɗa a gaban yaran.

Ranar Lahadi da rana, na dawo daga coci ke nan, Ihsan ta kira ni ta ce Baba don Allah ka zo. Na tarar da Maharazu zaune a falo, Sadiatu tsaye a bakin ƙofar kicin, ƙananan an tura su ɗaki. Sadiatu ta gaishe ni da Hausa kamar yadda aka koya mata, sannan ta koma Turanci, don da shi take faɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ita kaɗai ya kayar ba, akwai yara goma sha tara da ba su yi masa komai ba, kuma ita ce za ta shiga aji gobe ta dube su. Ta ce shekara shida tana cin ƙwallo yana juya baya. Ta ce Suhaib ya zo na goma sha biyu a tseren makaranta an kai shi cin kaza. Uwar ta fara yi mata bayani cewa haka ake yi a gida, ita ma mahaifinta bai taɓa kiran sunan yayanta ba har ya rasu. Sadiatu ta ce ta sha jin wannan, kuma nan ba Funtuwa ba ce.

Sannan ta dubi uban, ta ce ya kira sunanta. "Dad, say my name."

Ya daɗe yana kallon carpet. Da ya ɗago sai ya ce, "Ke, kin ci abinci kuwa?"

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa a hankali. Ihsan ta ce masa, Malam, ko Ummi ai da ka ce. Da zan tafi ya rako ni har tashar Stepney Green, a hanya ya ce yana so in raka shi wurin Jane, don abin da zai faɗa mata ya fi ƙarfin Turancinsa.

Muka je gidanta a Barnet ranar Laraba da yamma. Ta ba mu shayi a lambu. Na yi mata bayanin alkunya yadda na iya, da misalai, na gaya mata maganar rabi da rabi. Ta saurara da kyau, tana yin tambayoyi irin na malamar makaranta. Ta tambaya, idan uba yana ganin 'yarsa ba ta iya ba da gaske, me zai ce. Na ce a nan zai faɗa a fili, da sunan laifin, don kushe ba ya cikin abin kunya. Ta ce, wato ita ya kamata ta yi masa gardama. Na ce haka ne.

Ta juya wurinsa ta ce yanzu ya manta da al'ada ya gaya mata, ina ya kamata a sa su. Ya ce sama. Ya ce a ganinsa da sun gama cikin ukun farko.

Ta ce an riga an fitar da jadawali, an yi booking ɗin filaye, an sanar da ɗaya makarantar, yaransu sun yi murna. Idan ta juya hukunci saboda uba ya dawo ya ce 'yarsa ta fi, ba wanda zai sake yarda da mutum ukun. Ta ce ita ma da nata laifin, bai kamata ta tambaye shi ba tun farko. Maharazu ya ce ya gane, kuma ya zo ne har da ajiye aikin. Ba ta hana shi ba. Ta rako mu bakin ƙofa, ta ba ni tuffa daga itacenta a cikin leda.

Da kaka ta fara, sai ya je ya sami Lovelyn. Ya ce tun da masu zaɓe ba za su zo su ga yaran ba, yana so ya kai musu yaran. Zai ɗauki wasannin a bidiyo, ya yanka wa kowace yarinya nata, ita Lovelyn ta aika da sunan makaranta. Lovelyn ta gaya mini ta so ta kore shi, amma ba ta da wani mai yi mata wannan aiki. Ta nemi izinin iyaye kamar yadda doka ta ce, ta kuma gindaya masa sharaɗi ya tsaya can ƙarshen fili, kada ya yi wa ko ɗaya magana. Haka ya yi. Duk Asabar yana can da wayarsa a kan ƙafa uku, ya rufe ta da leda in ana ruwa. Shi da Sadiatu jirgi ɗaya suke hawa, taragu daban.

Ranar Lahadi bayan la'asar yakan zo gidana da kwamfutarsa. Ya ce hoto kaɗai bai isa ba, sai an nuna wa mai kallo abin da zai duba, kuma muryarsa ba za ta yi ba, masu zaɓen sun san ta, sun kuma san labarin. Saboda haka muka koma sana'ata. Zai tsayar da hoton ya faɗi abin da ya gani da Hausa, ni in faɗa da Turanci cikin waya. Ya yi wa kowace yarinya adalci, har 'yan benci da ba su fi minti kaɗan a fili ba. Sunayensu na Turawa da na Indiyawa duk yana faɗa ba wahala. Yakan ce, wannan tana ganin fili kafin ƙwallo ta iso ta. Wannan tsoro take ji amma ba ta ja da baya. Wani lokaci mukan yi gardama a kan kalma, ya ce Turancina na mishan ne, ba wanda ke magana haka tun zamanin Sardauna, in ce masa ya je ya nemo wani tafintan.

Na Sadiatu yakan bari sai ƙarshe. "Mai lamba tara," zai ce, ni kuma in faɗi sunanta cikakke. A karon farko ya tsayar da hoton inda ta karɓi ƙwallo tsakanin mutum biyu, ya ce, "Nan ba laifi."

Na ajiye wayar. "Alƙali, me zan ce musu?"

"Abin da na ce."

"An taɓa fassara wannan sau ɗaya."

Ya cire tabarau ya goge. "To, Fasto, ka faɗa yadda za su gane."

Na ce ba zan ƙirƙira ba, ni tafinta ne, sai ya ba ni abin da zan fassara. Ya tashi ya je bakin taga, ya ba ni baya, daga can ya fara magana. Ya ce hannunta na hagu ya kai na dama, kuma ba haka aka haife ta ba, shekara uku ta yi tana jefa ƙwallo a bangon bayan gidansu har maƙwabta suka kai ƙara council. Ya ce tana da haƙurin jira, ba ta jefawa sai mai tsaron gida ta motsa. Ya ce idan aka ci su, ita ce ta farko da ke zuwa wurin mai tsaron gidansu. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana kallon makarantun nan bai ga uku kamarta ba. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Na fassara duka, ban rage ba, ban ƙara ba.

Sun ci rukunin ƙasa a wannan kakar, wasa ɗaya kawai suka faɗi. Lovelyn ta aika da bidiyoyin, aka kira yara uku gwaji, har da Sadiatu. A gwajin aka ɗauki ɗaya, ba ita ba. Maharazu ya ce mini dalilin a fili yake: ta yi wata shida ba ta haɗu da mai tsaron baya da ta isa ta tare ta ba, ranar gwaji ta haɗu da su duka a yini ɗaya. Ya ce da a sama ta yi kakar da ta saba. Ban sani ba ko haka ne. Shi dai haka ya ɗauka, kuma ban ji ya canza ba.

Kafin ta tafi jami'a a Nottingham ta zo yi mini sallama. Ta ce Lovelyn ta nuna mata bidiyonta. Ta ce, Uncle, kai ba ka san maganar bangon nan ba. Na ce ni abin da aka faɗa mini nake faɗa. Ta tambaye ni, da yake faɗa da Hausa, me ya kira ta. Na gaya mata gaskiya, mai lamba tara. Ta ɗan yi dariya, ta ce ta yi zato. Ta tambaya ko da gaske ya ce bai ga uku kamarta ba, ko ni na gyara. Na ce shekara talatin na yi ina wannan aiki ban taɓa gyara wa kowa magana ba. Ta sha shayinta ta tafi. Yanzu likitar haƙori ce, tana buga wa wata ƙungiya a garin da take. Tana kiran gida duk Lahadi, ta yi hira da uwar, sannan a miƙa wa uban. Na taɓa kasancewa a wurin. Ya karɓi wayar ya ce, "Ke, ya aiki?" ta amsa masa da Hausa, suka yi kusan rabin awa suna maganar wasan da ta buga jiya.

Ni a wurina maganar ta ƙare da wannan kakar. A Agustan da ya biyo baya sababbin alƙalai suka ɗaga makarantar sama, masu zaɓe suka fara zuwa da kansu, bai sake zuwa gidana da kwamfuta ba. Idan na neme shi ranar Asabar yakan ce yana da aiki, na ɗauka na asibiti ne.

A 2022 na haɗu da Lovelyn a tashar Whitechapel, ta gane ni ta murya. Cikin hira ta ce ai Mista Maharazu bai daɗe da daina zuwa ba. Na ce zuwa ina. Ta ce filin. Bayan Sadiatu ta gama, ya ci gaba da zuwa duk Asabar da ake wasa, yana tsayawa a ƙarshen fili inda ta ajiye shi, ko da yake ta daɗe da janye sharaɗin. Yana yanka bidiyon, yana rubuta bayanin a ƙasan hoto. Ta ce ta daɗe ba ta lura ba cewa ba kowa yake yi wa ba, sai yaran da ke cikin ƙungiyar a bazarar 2017. Kowace shekara suna raguwa. Ta ƙarshensu tana da shekara goma sha uku a lokacin, 'yar benci ce da aka aro daga ƙaramin aji don a cike. A watan Maris ta buga wasanta na ƙarshe a makarantar. Da aka tashi ya naɗe ƙafar wayarsa, ya zo ya gaishe da Lovelyn, ya ce zai aiko da na yarinyar kafin Laraba. Ya aiko ranar Talata, kuma bai sake zuwa ba.